Man Shanu a Tayar Hajiya

Sallama gare ku, masu bin labarina, har da waɗanda yau ne suka fara leƙowa. Ku gyara zama, don yau kaina zan tona wa asiri, kuma ba na neman kowa ya tausaya min. Abin da na yi da hankalina na yi shi, ko in ce da ɗan abin da ya rage min na hankalin.

Sunana Sa'adiya, 'yar Usta Hashimu ta unguwar Misfala a Makka. Usta kuwa, a bakin mutanen Makka, gwanin sana'a ke nan. Abin ya faru a shekarar 1375 ta Hijira, ina da shekara goma sha tara, ina kuma ji da kaina kamar ba a taɓa haihuwar mai wayo irina ba.

A tsakar gidanmu, bayan shingen kwano, akwai tirelar da Baba ya ƙera da hannunsa. Ɗakin katako ne a kan taya biyu, rufinsa tamfol, gatarinsa na wata matacciyar lori. Sau tara tana hawa Arfa ɗauke da tantuna da tukwanen alhazai, shi ya sa duk unguwa Hajiya ake ce mata. Kowa ya san Hajiya ba ta taɓa tsayawa a hanya ba, kowa kuma yana yabon hannun Usta Hashimu. Abin da ba su sani ba, yanar ido ta rufe wa Baba gani tun ina shekara goma sha biyu, ga shi bai haifi namiji ba. Shi zai zauna a kan akwati yana faɗa, ni in shige ƙarƙashi ina yi. Da tafiya ta yi tafiya ma sai ya daina faɗar, ya koma shan shayinsa.

Mai jan Hajiya da lorinsa shi ne Mukhtaru. Dogo ne, mai wushirya, kullum da gutura, ƙyallen kan Larabawa, ɗaure a ƙugu maimakon kai. Ta ɓular shinge na san duk wannan, don Allah kada ku tambaye ni sau nawa na leƙa. In ya dawo da tirelar ya kan bar 'yar takarda a akwatin kayan aiki da ke goshinta, ni kuma da na yi karatu wajen malama nake karantawa, in ba da amsa da sunan Baba.

"Usta, tayar dama tana sace iska."

"An yi faci. Kai kuma ka rage gudu a gangaren Mina, ba tsere aka sa ka ba."

"Usta ya yi faɗa. Na tuba."

"Tubanka na bara ma haka ka rubuta shi."

Shekara biyu muna wannan. Takardun suna nan cikin wani tsohon gwangwanin shayi a ƙasan kayana, duk da zanen yatsa baƙi a jikinsu. Ni a tunanina ya ɗauka da tsoho yake magana, har ina yi masa dariya a raina, wai ga sakarai.

Rannan ina kwance a ƙarƙashin Hajiya, na gama cika tayar dama da giris, na ciro boris ɗin hagu, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, na wanke shi tas da kananzir na mayar a bushe, saura in cika shi, sai na ji an ja ni ta ƙafa. Umma ce, tana haki.

"Fito! Fito, ya binti, kin ji kin gani! Gwaggon Mukhtaru direba za ta zo ganinki ranar Laraba!"

"Ganina? Ni?"

"A'a, ganin Hajiya. Dubi hannu don Allah! Wa zai auri wannan? Wannan hannu ne ko gindin tukunya?"

Zuciyata ta yi tsalle har sai da na buga kai a gatari. Ina son Mukhtaru, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Ina son sa tun takarda ta uku.

Kwana uku Umma tana yaƙi da hannuwana. Lemon tsami, toka, dutsen goge kaushi, sannan lalle har wuyan hannu, ninki biyu, don ya rufe tabon da sifana ta yi min a babban yatsa. Gwangwanin giris kuwa ta jefa shi cikin akwatinta na aure, ta kulle, ta rataya mabuɗin a wuya tare da layarta.

"In ta tambaye ki aikin ƙarfe, ba ki san shi ba," in ji Umma. "'Ya mace kike, 'yar gida. Kin fahimta?"

Na fahimta, har na zarce inda ta ce in tsaya.

Laraba da la'asar Gwaggo Ramlatu ta iso. Ita ta raini Mukhtaru tun yana goye, ta taho da shi a ƙasa daga Cadi ta ratsa Sudan, kuma maganarta ita ce magana a gidansu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, mai ido kamar na mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na fito cikin koriyar kurta mai ɗinkin zare a ƙirji, da farar mudawwara a ka wadda ta sha guga, ga kwalli, ga turaren wuta har ina tari. Na durƙusa na miƙa mata gahawa.

Ba ta ko kalli fuskata ba. Hannuna ta kama, ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta leƙa ƙarƙashin farce. Ni kuwa ina ta godiya ga lemon tsami a zuci.

"'Yata," ta ce, "wa ke taya Usta aikin arabar nan?"

Na sirantar da murya kamar ta ɗan tsako. "Wace araba, Gwaggo?"

Jama'a, tirelar tana tsaye a bakin taga, ta tare rabin hasken ɗakin.

"Waccan," ta nuna da haɓa.

"Au, wannan? Wallahi ni ko sunan ƙarfe ban sani ba. Warin kananzir ma ciwon kai yake sa ni."

Umma ta yi murmushin wadda shukarta ta fito. Gwaggo ta saki hannuna a hankali.

"To, madalla," ta ce. Ta bar rabin gahawarta a finjali, ta ja mayafi ta tafi.

Daga nan shiru. Kwana ɗaya, kwana uku, kwana tara. Babu ɗan aike, babu e, babu a'a. Sau biyu Mukhtaru ya zo gaishe da Baba a ƙofar gida, kuma duk tafiyarsa sai in ruga in buɗe akwatin kayan aiki, in tarar da sifanu kawai suna kallona. Na rame, na daina cin burodin tamis na safe, ina zama in tasa jan hannuna a gaba ina tambayarsa me ya rage. Tsoro nake ji na gaske, tsoron cewa an gan ni an ce ban yi ba.

Ana cikin haka aka yi ruwa a bayan gari. Ku da ba ku zauna Makka ba, in aka yi ruwa ƙasa ta yi sanyi, mutane kan kwashi iyali su fita gaila, su kafa tanti a fili su kwana biyu suna dafa salig, wato shinkafa da romon nama da man shanu, suna shan iska. Baba ya daɗe da yin magana da Mukhtaru cewa in ruwa ya sauka zai ja mu zuwa bayan Muzdalifa. Sai ga saƙo cewa ranar Asabar ce tafiyar, kuma Gwaggo Ramlatu za ta bi mu.

"Kin ga ƙofa ta sake buɗewa," in ji Umma. "Kwana biyu tana kallon ki. In kika bari ko ɗigon baƙi ya taɓa hannun nan, ni da ke ne."

Aka shiga shirin Hajiya. Muka shimfiɗa tamfol a rana muka ɗinke inda ɓera ya ci. Muka ƙirga turakun tanti, muka canza igiyoyi biyu da suka ruɓe, muka jiƙa salkuna don su daina yoyo. Baba ya buga wa tayoyi iska da famfo, ni ina tsaye nesa da hannu a naɗe cikin gyale, ina cewa "ƙara, ƙara, ya isa," kamar matar wani babban attajiri. Amma abu ɗaya ya hana ni sukuni: boris ɗin hagu yana nan a bushe kamar yadda na bar shi.

"Umma, ki ba ni giris ɗin. Da tsinke zan sa, ba zan taɓa ba."

"Abadan."

"Umma, tayar za ta ci wuta a hanya."

"Shekara tara ba ta ci ba sai ranar da za a ga 'yata? Halas, na gama magana."

Da na gaya wa Baba, da magana ta ƙare, don zai karɓi mabuɗin. Amma in ya karɓa ni zan cika, kuma giris ba a cika shi da tsinke, ƙarya na yi. Da tafin hannu ake danna shi, ya shige farce ya kwana bakwai bai fita ba. Ni kuma a lokacin na fi son farcena da gaskiya.

Ranar Juma'a da azahar, kowa ya kwanta ƙailula, ina zaune a madafa sai idona ya faɗa kan tulun man shanun Umma, wanda ta tanada don salig ɗin tafiya. Nan wayona ya motsa. Na ce da kaina, ba shi muke shafa wa ƙyauren ƙofa in yana kuka ba? Ba mai ba ne shi ma? Ga shi ba ya baƙanta hannu, laushi ma yake ƙara masa. Ni da na shekara bakwai a ƙarƙashin tirela, ni da na san zafin da taya ke ɗauka, na zauna na yarda da wannan magana don kawai ina son in yarda. Na ɗebi ludayi uku, na ɗaga tayar da jak, na cika boris da man shanu, na ɗaure, na shafe sauran a hannu.

Da yamma Baba ya tambaye ni, "Sa'adiya, kin cika na hagun kuwa?"

"Na cika, Baba."

"Da kyau?"

"Har ƙamshi yake."

Da safe muka tarar da kyanwowi huɗu zaune a gindin tayar hagu suna lasar ƙasa. Umma ta ce alamar alheri ce.

Mukhtaru ya ɗaura Hajiya a bayan lorinsa, Baba ya shiga gaba kusa da shi, mu mata uku muka hau tirelar muka zauna a kan naɗaɗɗun tantuna. Na sa kurtata mai ruwan zuma wadda ban taɓa sawa ba, na jera hannuwana a kan cinya yadda Gwaggo za ta gan su ko ba ta so. Ita kuwa waje take kallo.

Har muka wuce Shisha lafiya lau, na fara yaba wa kaina. Muna fara hawan Mina sai Gwaggo ta ɗaga hanci.

"Wa ke suya a tsakiyar hanya?"

"Ƙila masu gaila ne suka riga mu," in ji Umma. "Kai, amma man nan mai kyau ne. Kamar nawa."

Ƙamshin ya ƙaru, ya koma ƙauri, sai tayar ta fara wani siririn kuka da na san ma'anarsa sarai: man ya narke ya tsiyaye, ƙarfe yana cin ƙarfe. Akwai igiyar ƙararrawa a saman kaina wadda in an ja direba zai tsaya. Na kalle ta, na kalli Gwaggo, na ci gaba da zama. Ku ji fa, na gwammace mu kife da tsohuwar mutane da in nuna na san kukan taya. Allah Ya taimake mu Mukhtaru ya hango hayaƙi ta madubi, ya gangara gefen hanya ya tsaya.

Muka sauko. Tsakiyar tayar na hayaƙi, wani ruwan mai yana ɗiga a kan yashi. Mukhtaru ya tsuguna, ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe.

"Ya ammi," ya ce wa Baba a hankali, "wannan samin ne. Man shanu."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Ba ya gani sosai, amma wallahi ban taɓa jin an kalle ni kamar ranar ba. Sai ya gyara tsayuwa.

"Ni ne," ya ce. "Ido ya tafi, ɗana. Na ɗauki wannan gwangwani a madadin wancan."

Mukhtaru ya sunkuyar da kai. "Ba komai, ammi. Girma ne."

Girma ne! Usta Hashimu, wanda tirelarsa ba ta taɓa tsayawa a hanya ba, yau ana ba shi haƙuri kamar tsohon da ya zubar da miya a riga, kuma saboda farcena. Kunya ta rufe ni. Ina nan tsaye, sai na ga Umma ta sungumo salka ta kwance bakinta, ta nufi tayar da gudu.

"Umma, kada ki zuba!" Muryata ta gaske ce ta fito, ba ta ɗan tsakon ba. "Da zafi yake, boris ɗin zai tsage! A bar shi ya huce da kansa!"

Kowa ya tsaya. Gwaggo Ramlatu ta juyo gaba ɗayanta.

"Wane ne kuma boris?" ta ce. "Na ɗauka ko sunan ƙarfe ba ki sani ba."

To, tunda tukunya ta riga ta fashe, sai na ƙarasa ta.

"Ba Baba ba ne, ni ce. Ni na sa man shanun, don kada giris ya ɓata min lalle. Ni ke gyaran arabar nan shekara bakwai, Gwaggo, kuma ƙarya na yi miki ranar Laraba."

"Man shanuna?" in ji Umma. Abin da ya fara zuwa bakinta ke nan, baiwar Allah.

Ban jira kowa ba. Na naɗe hannun kurta, na ɗaure mudawwara a bayan wuya, na ce a sa duwatsu a tayar dama. Mukhtaru ya kafa jak, ya kawo gwangwanin giris daga lorinsa ya ajiye kusa da ni, bai ɗaga ido ya kalli fuskata ba. Da ƙarfen ya huce na zare fil, na kwance noti, na ciro boris. Ya yi shuɗi don zafi, ba zai sake moruwa ba, amma akwai wani da na naɗe a tsumma a ƙasan akwatin kayan aiki tun bara. Na wanke ramin da fetur, na cika tafin hannuna da giris, na shiga danna boris ɗin a ciki gefe bayan gefe har ya ɓullo ta sama. Baƙi ya hau lalle, ya hau kurta mai ruwan zuma, na share gumi ya hau goshi. Duk sifanar da nake so, kafin in buɗe baki sai in ga an miƙo ta. Na ɗaure noti har ya kama, na sassauta kaɗan, na mayar da fil, na juya tayar da hannu. Ta yi ta juyawa shiru.

Baba ya kasa kunne, ya ce, "Yauwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe ni in yi kuka, sai dai babu hannun share hawaye.

Na miƙe, sai na ji an cafke min wuyan hannu. Gwaggo ce. Ta murza babban yatsana da nata har ta taɓo tabon da lalle ya ɓoye.

"Ga shi nan," ta ce. "Yaron nan ya dame ni shekara guda. Wai ya taɓa kawo araba da sassafe, ya hango hannu ya fito daga ƙarƙashinta yana laluben sifana, hannun mace, da tabo a babban yatsa. Wai shi mai hannun nan yake so, ita ce ke amsa masa takarda. Na zo nema, aka fito min da wata 'yar tsana mai ciwon kai. Na koma na ce masa babu ita a gidan, ƙila 'yar maƙwabta ce, ƙila kuma aljana ya gani. Kwana tara ina shiga gidajen Misfala ina duba hannun 'ya'yan mutane kamar mai sayen awaki!"

Shekara biyu ina yi wa mutum dariyar sakarai, ashe ni ake kallo. Na saci kallon Mukhtaru, yana ta faman naɗe igiyar da ba ta warware ba, wushiryar nan duk a waje.

"Ba dariya ba ce," Gwaggo ta daka masa tsawa, sannan ta dawo kaina. "Ban ce e ba, ki sani. Aiki na gani, ƙarya ma na gani, kuma ni ba na zama da maƙaryaci. Zan dawo gidanku ranar Alhamis. Waccan ta ranar Laraba kada ta fito, ba na son ganinta. Ke nake so in yi magana da ke."

Umma ta buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. "Hajara, kada a sa mata lalle."

Muka isa bayan Muzdalifa rana ta karkata. Aka kafa tanti, aka dafa salig ba man kirki, Umma tana juya tukunya tana hararata. Da na je mayar da sifanu, na buɗe akwatin nan da ya yi kwana tara yana ba ni kunya, sai na ga gwangwanin giris ɗin Mukhtaru a ciki, rabi ya rage, an soke takarda a murfinsa.

"Usta, wannan ba na araba ba ne, naki ne. Kayan na-gani-ina-so ke nan, kafin Gwaggo ta huce."

'Yan matan Misfala ana kai musu turmin yadi da kwalbar turare. Ni Sa'adiya rabin gwangwanin giris aka ba ni, a gefen tanti, da shatin yatsa a jikinsa. Na rungume shi a ƙirjin kurtar da ta riga ta lalace, na zauna a bayan Hajiya inda ba mai gani na, ina dariya ina hawaye.

Saura kwana biyar Alhamis, kuma ban san me zan ce wa tsohuwar nan ba. Abu ɗaya na sani: ko lemon tsami ɗaya ba zan bari ya taɓa hannuna ba.